Yadda ake shirya tafiyar keke ta neman taimako a Garwa, a je lafiya a dawo lafiya

Tun da muka yi tafiyar keke daga Garwa zuwa Pitowa, a nan arewacin Kamaru, don tara kuɗin bencina wa makarantar unguwarmu, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni da zancen ba. Yau ƙungiyar matasa ce mai son haƙa rijiya, gobe 'yan kasuwa ne da ke son ɗinka wa marayu kayan sallah, kuma tambayar ba ta sauyawa: ta ina ake farawa? Na gaji da maimaita amsa a bakin shago, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki.

A irin wannan tafiya, mafi yawan haɗarin da na gani ya zo ne bayan ayari ya tsinke: masu ƙarfi sun yi gaba, tsakiya ta warwatse, wani yaro ya rage shi kaɗai a baya tsakanin tirela biyu. Kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa dabarar hana ayari tsinkewa ce.

1. Zaɓi hanya, sannan ka bi ta da ƙafarka

Nisan da mafi rauni a cikinku zai iya, shi ne nisan tafiyar. A karon farko kada ku wuce kilomita 30. Daga Garwa zuwa Pitowa wajen kilomita 15 ne, zuwa da dawowa ya cika talatin ɗin ke nan. Ayarin da ya haɗa ɗalibai da teloli da dattijo mai tsohuwar Phoenix ba ya wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa, don haka ka lissafa awa uku har da hutu. Masu cewa a tafi Ngong ko Lagdo, da suka fi nisa, a ba su haƙuri sai karo na biyu ko na uku.

Ka bi hanyar sau biyu kafin ka sanar da kowa. Na farko a kan babur, da littafi a aljihu. Na biyu a kan keke, a irin ranar da za a yi tafiyar kuma a irin lokacin, domin titin da ka gani fayau da la'asar ɗin Talata ba shi ne na safiyar Asabar ba. Rubuta inda ramuka suke, inda gefen kwalta ya cinye, inda yashi ya hau titi, da tudun rage gudu na shiga ƙauyuka. Rubuta inda akwai inuwar da za ta ɗauki mutum arba'in da kekunansu nesa da kwalta, inda asibiti mafi kusa yake, da inda rezon waya ke ɗaukewa.

Gargaɗi: babbar hanya mai lamba 1, wadda ta bi ta Garwa da Pitowa, ba hanyar wasa ba ce. Jirgin ƙasa yana tsayawa a Ngaundere, daga nan manyan motoci ke kwasar kaya su bi ta Garwa da Marwa har Kusiri da Njamena. Da rani kuma ga motocin audugar Sodecoton, ga masu siminti daga Figil. In akwai hanyar da ta fi tsawo amma ba tirela, ku ɗauke ta. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. In hanyarku ta kudu ce, gadar Binuwai a haye ta ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa ɗaukar hoto a tsakiya. 'Yan uwanmu na Ngaundere, kada ku sauka gangaren dutsen nan na hanyar Mbe da sababbin mahaya. Na Marwa kuma, ɓangaren Mora zuwa Waza zuwa Kusiri ba wurin shirya irin wannan ba ne, saboda tsaro da lalacewar hanya.

2. Tsai da rana da lokaci

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu ne lokacin. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, duk wanda ya fitar da jama'a a keke a lokacin ya nemi rigima da kansa. Da damina kwalta tana santsi, mayo, wato rafi, kuma yana iya kawo ruwa ba sallama. Azumi ba sai an faɗa ba.

Asabar ta fi. Lahadi ranar kasuwar Pitowa ce, titin yana cika da motocin haya da babura masu lodin buhuna da awaki. Juma'a kuma hankalin kowa yana kan komawa gida kafin masallaci, sai a shiga gaggawa.

A taru bayan sallar asuba, a tashi wajen 6:30 da gari ya waye sosai, a yi niyyar dawowa kafin 10:30. Kada a tashi da duhu don gudun rana.

Gargaɗi: hunturu yana da nasa sharrin. In an wayi gari da hazo mai kauri har ba ka hango mota sai ta zo kusa, direban ma ba ya hango ka. A jinkirta awa ɗaya, in bai washe ba a ɗage. Ka faɗa wa mutane wannan sharaɗin tun ranar rajista don kada a yi maka ƙorafi.

3. Takardu da gaisuwa

Ayari a kan titin gwamnati taron jama'a ne a idon doka. Dokar 19 ga Disamba 1990 kan taruka da jerin gwano ta ce a sanar da sufurefe, wato shugaban gunduma, aƙalla kwana 7 cikakku kafin ranar. Ni shawarata mako uku. Takardar ta ƙunshi sunayen masu shiryawa, dalilin tafiyar, rana, lokaci da hanyar da za a bi, a manna mata tambur na sefa 1,500. Kada ka bar ofishin sai ka san ranar karɓar takardar shaida, kuma ka yi mata kwafi uku: ɗaya a gaban ayari, ɗaya a motar rakiya, ɗaya a aljihunka. Garwa ta kasu gunduma uku, Pitowa kuma gunduma ce mai zaman kanta, saboda haka ka duba ƙasar sufurefe nawa za ku taka. Tara kuɗi daga hannun jama'a yana da tasa dokar daban, ta 1983. Ka tambayi ofishin farefe, na sama da sufurefe, takardar da ta dace da irin naku tarin.

Daga nan ka kai kwafi wurin jandarma da 'yan sanda, ka roƙi a tare muku manyan mahaɗar cikin gari lokacin fita. Ka nemi masu agajin Croix-Rouge ko wani ma'aikacin jinya ya bi ku.

Sai gaisuwa, wadda matasa ke mantawa. Ku je wurin jauro ko lawan na ƙauyen da za ku huta, da dattijo ɗaya a gabanku. “Ranka ya daɗe, yaranka ne za su wuce ranar Asabar, muna roƙon inuwa da addu'a.” Wannan kalma ita ke sa a kore muku yara daga bakin titi, a ɗaure karnuka, wani lokaci har a fito muku da randar ruwa.

4. Rajista

Kada a yi “duk mai keke ya fito”. A rubuta sunan kowa, lambar wayarsa, lambar wani nasa na gida, da ciwon da yake fama da shi in akwai: hawan jini, asma, sikari, sikila, farfaɗiya. Takardar tana hannun ma'aikacin jinya, ba ta yawo. A rufe rajista kwana uku kafin tafiya, kuma a karon farko kada a haura mutum 40.

Wanda bai kai shekara 18 ba sai da sa hannun mahaifi. Ƙananan yara kuwa, ni ba na fitar da su babbar hanya ko da uban ya yarda; a shirya masu zagaye a fili, ko a gefen filin wasa na Rumde Ajiya, su ma su ji an yi da su.

Asabar ɗin da ta gabaci tafiyar a yi gwaji na kilomita 8 zuwa 10. A nan za ka gane wanda rabonsa da keke tun yana firamare, da wanda ba ya iya sakin hannu ɗaya ya yi alama ba tare da ya karkace ba. Irin waɗannan a ba su aikin rabon ruwa, da mutunci.

5. Duba kekuna, kwana biyu kafin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ɗauki mai gyaran keke ɗaya ko biyu, ku biya su kuɗin yini, kowa ya kawo kekensa ranar Alhamis. Wanda ya wuce a ɗaura masa ƙyalle a kan keken. Ranar Asabar keken da ba ƙyalle ba ya shiga layi, ko na wane ne.

Ga abin da ake dubawa, bi da bi. Taya: a juya ta a hankali, a nemi tsagewa a gefe, kumburi, ko inda zare ya fito. A matsa da babban yatsa, in ta lotsa a ƙara iska. Amma kada a cika ta tam sannan a jingine keken a rana, tiyub ɗin da ya sha faci yana iya fashewa. Tiyub mai faci fiye da uku a sauya shi.

Burki: a tura keken gaba a kama na gaba, tayar baya ta ɗaga. A kama na baya, tayar ta ja ƙasa. In hannun burki yana taɓa kan keken kafin ya kama, waya ta saki ko roba ta cinye. Robar burki ba ta da tsada, kuma ita ce abin da aka fi samu a mace.

Gargaɗi: ba duk kekuna ne burkinsu ke gefe ɗaya ba. A wani na gaba yana hannun hagu, a wani yana dama. Duk wanda ya ari keke ya gwada ya sani kafin ya hau. A tafiyarmu wani ƙanenmu ya ari keken maƙwabcinsa da daddare, akuya ta gitta masa, ya damƙe abin da ya zaci na baya ne, sai ga shi ya tashi ta saman keken. Allah ya taƙaita, gwiwar hannu ce kawai ta kwaile.

Sarƙa: a wanke ta da kananzir, a bushe, a ɗiga mai kaɗan a goge ragowar. Mai da yawa a hunturu ƙura yake tarawa, ya koma kamar taɓo. Sai notocin taya, na sirdi da na kai: a riƙe tayar gaba tsakanin gwiwoyi a murɗa kan keken, in ya juya ba tare da tayar ba a ɗaure. A girgiza feda, a taɓa wayoyin taya ko akwai wadda ta karye. Ƙararrawa ta yi ƙara.

Tsayin sirdi: mutum ya zauna ya ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe. Yawancin mutanenmu sirdinsu ya yi ƙasa, shi ya sa gwiwa ke ciwo tun ba a je ko'ina ba.

Kayan gyaran da za su shiga mota: famfo biyu, tiyub na kowane girman taya da ke cikin ayarin, faci da sholisho, sufana, filaya, wayar burki, da keke ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana.

6. Sutura da hular kwano

Na san za a ce mutum ya shekara talatin yana hawan keke da hular saƙa bai mutu ba. Gaskiya ne, amma bai shekara talatin yana tafiya da taya arba'in kewaye da shi ba. Hular kwano dole ce. In ta gwanjo ce a duba cikinta, in farin soson ya tsage ta gama aiki. Ta zauna daidai a kai, yatsa biyu sama da gira, igiyar a ɗaure yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa. Hular da aka tura ƙeya kamar ta ango ba ta kare goshi. In ba su isa ba, ku aro, ko ku rage yawan mahaya.

Riga mai haske, fara ko ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. In za ku buga rigunan tafiyar, kada mai ɗaukar nauyi ya sa ku zaɓi baƙa. Jallabiya da babbar riga a bar su a gida, ƙafar wando ta dama a naɗe ko a ɗaure da roba saboda sarƙa. 'Yan uwa mata su sa wando a ciki da riga mai tsayi zuwa gwiwa, mayafin ya zama gajere a cusa bakinsa cikin riga. Dogon hijabi in ya shiga wayar tayar baya wuya yake ja. Takalmi rufaffe, ban da silifa. Abin jin waƙa a kunne haramun ne a wannan tafiya. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, akwai shingen jandarma a hanya.

7. Ruwa da abin taɓawa

Lissafa lita 3 ga kowane mutum. Mutum 40 lita 120 ke nan, jarka shida masu lita 20, ban da ta wanke ciwo da jiƙa jiki. Kowa ya tashi da gorarsa cike, ya riƙa kurɓa duk bayan minti 15 ko 20 ba sai ya ji ƙishi ba. Iskar hunturu tana busar da gumi nan take, sai mutum ya zaci bai yi zufa ba alhali jikinsa ya ƙone.

A haɗa ruwan gishiri da sukari a jarka ɗaya: kowace lita, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko a sayi na ƙunshi a kantin magani. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi ƙarfi.

Karin kumallo mai sauƙi awa ɗaya kafin tashi: kunu da ƙosai, ko shayi da burodi. A wurin hutu dabino, ayaba, gyaɗa, lemo. Tuwo da nama sai an dawo.

8. Raba aiki

Nan ne ake samun ayari ko a rasa shi. A raba mahaya rukuni-rukuni, mutum 8 zuwa 10. Kowane rukuni yana da jagora a gaba da mai kora a baya, kowannensu da usur. Ba mai wuce jagora, mai kora kuma ba ya wuce kowa. Jagora ba gwanin gudu ake nema ba. Mai haƙuri ake nema, wanda zai riƙa waiwaye. Mai kora shi ne ya kamata ya zama mafi ƙarfi da sanin faci.

Masu rauni a sa su rukunin farko, dab da bayan jagora. Mutane suna yin akasin haka, su jera ƙarfafa a gaba don hoto ya yi kyau, kafin a fita gari an bar rabin jama'a.

Babur ɗaya a gaba da jan ƙyalle, tazarar kamar mita 100, yana sanar da masu tahowa. Babur na biyu yana zirga-zirga tsakanin rukunai. Ku ɗauki 'yan kilando, wato masu babur na haya, da kuka sani da natsuwa, ku biya su, ku gaya masu yau ba ranar gwaninta ba ce. Can baya mota mai buɗaɗɗen baya, fitilun gargaɗi a kunne, da babban allo da aka rubuta da Faransanci cewa masu keke suna gaba, don direbobi su karanta. A cikinta akwai ruwa, kayan gyara, ma'aikacin jinya da akwatin magani, da wurin zaman wanda ya gaji. Motar ba ta wuce keken ƙarshe ko da me.

Duk masu aiki su yi musayar lambobi, wayoyi cike da caji da kuɗin kira. Lambobin gaggawa a rubuce a jikin motar: 117 'yan sanda, 113 jandarma, 118 'yan kwana-kwana. A ƙara da lambar wani ma'aikaci a asibitin Pitowa da babban asibitin Garwa, wanda aka riga aka gaya wa ranar.

9. Safiyar tashi

A kira suna, a ƙirga, a rubuta adadin. A yi addu'a. Jawabin manyan baƙi a roƙe su su ajiye shi sai an dawo, domin kowane minti goma da aka ɓata da safe, da rana za a biya shi.

Sannan minti biyar na koyar da alama, kowa ya yi da hannunsa a gani. Miƙa hannun hagu: za a juya hagu. Na dama: dama. Ɗaga hannu sama: za a tsaya. Nuna ƙasa da yatsa: rami ko yashi a wannan gefen. Da baki kuma kalma ɗaya ake faɗa da ƙarfi, na baya ya miƙa wa na bayansa: “Rami!” “Yashi!” “Shanu!” Daga baya kuma saƙo ya taho gaba: “Mota!” ko “Tirela!” Usur ɗaya a rage gudu, usur mai tsawo kowa ya tsaya.

10. A kan kwalta

Hannun dama, layi ɗaya. Jerawa biyu-biyu ana hira sai a hanyar da babu mota. Tsakaninka da na gabanka tsawon keke biyu, a gangare a ninka. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya: ya ɗan kauce wa rami, kai ne a ƙasa, na bayanka kuma a kanka. Tsakanin rukuni da rukuni a bar kamar mita 100, don motar da ta wuce rukuni ɗaya ta sami inda za ta koma hannunta. Layin keke arba'in a haɗe yana tilasta wa direba ya daɗe a hannun da ba nasa ba, in wata ta ɓullo masa kuma kanku zai dawo.

Kada a manne da bakin kwalta. A bar kamar tsawon hannu, saboda a bakin ne yashi da tsakuwa da karyayyar kwalta suke. In ka shiga yashi kada ka kama burkin gaba, kada ka murɗa kai. Riƙe shi sak ka ci gaba da taka feda. In tayarka ta sauka daga kwalta, kada ka yi ƙoƙarin hawowa a guje, gefen zai kwashe ta. Tsaya, duba baya, ka hau.

Tirela in za ta wuce, iskarta tana tura ka waje sannan ta jawo ka ciki. Riƙe kai da hannu biyu, daina feda in ka ji kana rawa, kuma ka tuna bayan kan motar akwai doguwar jela. Inda hanya ta matse, ko biyu za su haɗu a daidai ku, jagora ya busa dogon usur kowa ya sauka gefe ya tsaya. Minti ɗaya ne. A kwana ko a mahaɗa kada kowa ya tsaya ta damar babbar mota, direban ba ya ganinsa kuma tayoyin baya suna yanke kwana. Yaron da aka kama ya kama jikin mota tana jansa, a ɗora kekensa a motar baya, tafiyarsa ta ƙare.

Garken shanu in yana tsallakawa a tsaya nesa, a yi shiru, ban da ƙararrawa, a gaisa da makiyayi har su wuce. A cikin ƙauye a rage gudu sosai. Yara suna fitowa da gudu su kalli ayari, awaki kuma ba su da alƙibla.

Mahaɗa ita ce inda ayari ya fi tsinkewa. Rukuni yana tsallakawa a dunƙule in an tare masa hanya. In ba a tare ba, kowa ya duba da idonsa, kada ya bi na gaba a makance. Waɗanda suka haye su jira sauran can gaba a gefe.

Wanda ya yi faci ya ɗaga hannu ya ce “Faci!”, ya gangara gefe a hankali. Mai kora ya tsaya da shi, rukunin ya ci gaba zuwa wurin hutu, mota ta ɗauke shi ko a sauya tiyub. Kada mutum goma su tsaya kallon faci ɗaya a bakin titi.

Hutu duk bayan kilomita 7 ko 8, minti goma, kowa da kekensa nesa da kwalta. A ƙirga mutane a kowane hutu. Gargaɗi: inuwar aduwa da bagaruwa tana da ƙaya, tsidau kuma yana kwance a ƙasa ba a ganinsa. A ɗaga keke a kai shi, ko a shafa tayoyi kafin a hau. Mun taɓa yin faci biyar a wurin hutu ɗaya saboda wannan.

A dawowa a ƙara sa ido. An gaji, rana ta ɗaga, motoci sun ƙaru, samari kuma sun hango gida sun fara tsere. Jagora ya rage gudu, ba ƙarawa ba.

11. In wani ya faɗi ko zafi ya kama shi

Abu na farko tsare wurin, kada a sami na biyu. Babur ɗaya ya koma baya, ɗaya gaba, su tsai da motoci. A sa alamar mota mai kusurwa uku da ganye a titi kamar yadda direbobi ke yi. Sauran mahaya su fice daga kwalta, mutum biyu kawai da ma'aikacin jinya a kan wanda ya faɗi.

In kansa ya bugu, ko yana kukan wuya ko baya, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ja hannunsa. A riƙe kan yadda yake a kira taimako. Wanda ya suma ko na ɗan lokaci, ko yana amai, ko yana maimaita tambaya ɗaya, asibiti kai tsaye ko da ya ce ya warke. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Ƙujewa a wanke da ruwa da sabulu har yashin ya fita, a sa Bétadine a rufe, a tambaye shi rabonsa da allurar tetanus. Ban da man burki, toka ko ƙasa.

Zafi kuma yana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiya. A kai shi inuwa, a kwance masa hula da riga, a jiƙa shi a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, ya ƙarasa a mota. In ya fara sambatu ko tangaɗi ko bai gane mutane, abin ya wuce gajiya: a yi ta kwara masa ruwa a jiki ana tafiya asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Akwai masu jin kunyar shiga mota, musamman manya. Kada a ce masa ya gaza. “Baba, don Allah ka shiga ka riƙe mana jakar kuɗin nan, ba mu yarda da yaran ba.” Zai shiga.

12. Kuɗi

Asusu biyu ne, kada su haɗu. Kuɗin shiri daga rajistar mahaya da masu ɗaukar nauyi yake fitowa. Kuɗin taimako kuma ko dala ba a taɓawa.

Abin da shiri ke ci: tambur, fetur, ladan masu babura da direba da mai gyara, ruwa da ƙanƙara, dabino da ayaba, kayan magani, kayan faci, riguna in za a buga. Fetur a gidan mai sefa 840 ne lita tun Fabrairun 2024. Motar da ke rarrafe a ƙaramar giya awa uku tana sha fiye da yadda nisan ya nuna, ka ware mata lita 10, sefa 8,400 ke nan, babura kuma lita biyu-biyu. In akwai shingen biyan kuɗin hanya, sefa 500 ne kowace mota. A kan jimillar ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ka ba ma'aikacin jinya ya riƙe a hannu, don asibiti ba ya jiran a je a tara.

Gudummawa ta fi tsabta ta waya, Orange Money ko MoMo, a lamba ɗaya da aka sanar, mutum biyu suna ganin saƙonnin. Kada mahaya su riƙa miƙa hannu suna karɓar kuɗi daga tagar mota ana tafiya. Akwati yana wurin tashi, wurin hutu da wurin sauka.

Da an iso a sake kiran suna, adadin ya yi daidai da na safe kafin kowa ya tafi. A buɗe akwati a gaban mutum uku, a ƙirga, a rubuta, su sa hannu, a karanta wa jama'a a wurin. A mayar da hulunan aro da kekunan aro a ranar. Washegari ka kira duk wanda ya faɗi ko ya ƙarasa a mota ka ji yadda ya kwana, sannan cikin makon ku koma wurin jauro da jandarma da godiya, da kwafin lissafin a hannu.